Asabar ɗaya gare ni a Japan: in bi kar zuwa Fuji ko in kai kaina Hakone?

Isuhu: Assalamu alaikum ƴan uwa. Wurin aiki sun sa sunana cikin masu zuwa istaj na noman shinkafa a Japan, sati uku, daga tsakiyar Nuwamba. Na duba takardar tsarin, ko'ina a cike yake, Asabar ɗaya tak aka bar mana mu sha iska. Ni kuwa tun ina yaro akwai wata tsohuwar kalanda a shagon babanmu a Katako mai hoton dutsen Fuji, shekararta ta wuce amma ya ƙi cire ta. Ina so in gan shi da idona. Na ga kamfanoni a intanet suna sayar da tike na kar, wato babbar bas ta ƴan yawon buɗe ido: a ɗauke ka Tokyo da safe, a hau da kai Fuji, a kai ka tabkin Hakone, a maido ka da dare. Wanda ya taɓa zuwa ya ba ni shawara don Allah.

Ɗan Adar: Wa alaikumus salam injiniya. Kai da ko Tabalak ba ka taɓa takawa ba? Kilomita 50 daga Tawa, tabki har da kihi da tsuntsaye. Taho in ɗauke ka bisa moto, jika 5 zuwa da dawowa, ba biza ba paspo.

Isuhu: Ɗan Adar, bari manya su yi magana tukuna.

Hajiya Rabi: Ƙanena, kar ka kuskura ka biya kar ɗin nan. Ni na yi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na je cikin Yuni, ashe damanarsu ke nan. Mun bar Tokyo wajen ƙarfe 8, cunkoson hanya ya ci mana safiyar. Suka hau da mu har inda kwalta ta ƙare a jikin dutsen, wurin da suke kira tasha ta 5, mita 2,300 sama. Na sauko ina waige-waige, na ce wa mai yi mana jagora ina Fujin? Ta yi murmushi ta nuna ƙasa, wai a kansa nake tsaye. Hazo fari fat, ko motar da ke gabanmu ba ka gani. Minti 30 aka ba mu, rabi ya tafi a layin bayan gida. Daga nan abincin rana da ban iya ci ba, sai gudu zuwa tabki, jirgin ruwa na ɗan lokaci, sai a hau kar a koma. Awa 11 na yi a waje, fiye da rabi ina zaune ina kallon ƙeyar wani Bature. Hoton Fuji da na kawo gida na jikin kati ne da na saya a kanti.

Ɗan Adar: Hajiya an hau raƙumi ana cigiyar raƙumi ke nan.

Hajiya Rabi: Ka yi dariyarka, kuɗina ne suka tafi ba naka ba.

Laminu Saitama: Sannunku. Ni shekarata bakwai a nan, ina aikin kayan mota, kuma duk baƙon da ya zo daga gida ni ke kai shi. Isuhu, ka fara rabe abu biyu da kamfanonin nan ke haɗawa. Hawa Fuji daban, ganin Fuji daban. Hawa da ƙafa har ƙololuwa daga farkon Yuli zuwa farkon Satumba kawai ake yi, kuma yanzu sai ka biya yen 4,000, don haka a Nuwamba wannan babu shi. Gani kuwa daga nesa ake yi, kamar yadda Hajiya ta koya da kuɗinta. Kuma ka yi sa'ar wata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska a bushe take, sama garau, kansa ya yi farin rawani na ƙanƙara. Amma da safe. Rana na ɗagawa sai gajimare ya fara taruwa a wuyansa.

Wurare biyu ake zuwa. Akwai Kawaguchiko, ɗaya daga tabkuna biyar da ke gindinsa ta arewa, can dutsen ya cika maka ido, sai dai bayan kallon da ɗaukar hoto ba wani abu da yawa, ga cunkoso. A 2024 har sai da hukumar garin ta kafa baƙin labule a bakin wata hanya don masu hoto sun hana mutanen unguwa sakat. Sai kuma Hakone, inda Fuji ke ɗan nesa, amma ko ya ɓuya ranarka ba ta tafi a banza ba. Ni Hakone zan ce maka.

Isuhu: Na gode yaya Laminu. To ya ake zuwa? Ni ko harafi ɗaya na rubutunsu ban sani ba.

Laminu Saitama: Ba ka buƙata, allunan suna da rubutun boko. Ka je tashar Shinjuku, layin Odakyu, ka sayi kati da ake kira Hakone Freepass. Yen dubu 6 zuwa 7 ne, kuma yen ɗaya bai kai sefa 5 ba, ka ga bai wuce jika 35 ba. Katin nan shi ne tikenka na komai a can: jirgin ƙasa, bas, teleferik (akwatin ɗaukar mutane mai tafiya a rataye da igiya a sama), jirgin ruwa. In ka ƙara ɗan kuɗi ka hau mai sauri da ake kira Romancecar, wajen awa ɗaya da rabi kana Hakone-Yumoto.

Ga dabarar da ba kowa ke yi ba. Yawancin mutane daga Yumoto suna hawa ƙaramin jirgin dutse zuwa Gora, su hau na igiya zuwa Sounzan, su bi teleferik, sai da yamma su iso tabki, lokacin Fuji ya riga ya lulluɓe. Kai ka juya zagayen. Kana sauka ka kama bas zuwa Moto-Hakone, bakin tabkin Ashi, minti 40. Ka ga dutsenka tun da hantsi, sannan ka hau jirgin ruwa zuwa Togendai, ka hau teleferik zuwa Owakudani, kwarin da hayaƙi ke fita daga ƙasa, ka gangaro ta Gora. Asabar ce kuma lokacin da ganye ke yin ja, duk Tokyo za ta kwararo can, sai ka zama kana tafiya suna dawowa. Ka bar masauki kafin 6. Kuma ka sani rana na faɗuwa wajen 4 da rabi, teleferik ma kafin 5 ya rufe.

Maman Nana: Isuhu, ni ban gane ba. Dutsen nan ba mai aman wuta ba ne? Mutum da ƙananan ƴaƴa uku zai ɗauki ƙafa ya je bakin wuta yawon buɗe ido? In Inna ta ji wannan magana ba za ta yi barci ba. Mu da muka ji labarin tabkin Kamaru da ya kashe mutane cikin dare.

Isuhu: Yaya, don Allah kar ki gaya wa Inna komai tukuna.

Malam Sani: Maman Nana, tsoronki ba na banza ba ne, amma bari in ɗan warware, tunda abin da nake koyarwa ke nan a lise. Ɓawon ƙasa ba guda ɗaya ba ne, faranti-faranti ne kamar fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke, kuma suna motsi. Japan ta zauna daidai kan ɗinkin, inda wani ke nutsewa ƙarƙashin wani, dutse ya narke ya nemi hanyar fita. Shi ya sa suke da duwatsu masu rai har 111. Fuji na cikinsu, tsayinsa mita 3,776. Ku kwatanta da Bagzan a Abzin, mafi tsawo a ƙasarmu, mita 2,022. Rabon Fuji da aman wuta tun Disamba 1707, kwana 49 bayan wata babbar girgizar ƙasa. Ya yi sati biyu yana zubar da toka, har ta rufe birnin Edo, wato Tokyo ta yau, kilomita 100 daga wurin. Barci yake, bai mutu ba.

Hakone shi ma dutsen wuta ne, tsoho, wanda tsakiyarsa ta rufta ta zama ƙaton kwano. Gora, Owakudani, Togendai da Moto-Hakone da Laminu ya lissafa duk a cikin kwanon suke. Wajen shekara 3,000 da suka wuce gefen wani tsauni da ke ciki ya fashe ya zube, ya toshe kogi, ruwa ya taru a baya, shi ne tabkin Ashi. Zurfinsa mita 40 da ƴan kai. Na Kamaru da kike faɗa, Nyos, daban ne. Shi a cikin maƙogwaron dutsen yake, zurfinsa ya kai mita 200, iskar da ke fitowa daga ƙasa ta yi ta taruwa a ƙasan ruwan kamar lemun kwalba da ba a buɗe ba. Daren 21 ga Agusta 1986 ta tashi gaba ɗaya, ta gangara ƙauyuka, mutum fiye da 1,700 suka rasu da dabbobinsu.

Ba zan ce miki babu haɗari ba. A Satumba 2014 dutsen Ontake ya fashe ranar Asabar da tsakar rana mutane na kansa suna cin abinci, 63 suka tafi, da waɗanda aka samu da waɗanda ba a samu ba. Hakone kansa ya ɗan yi tari a 2015, aka rufe Owakudani fiye da shekara, aka sake rufewa a 2019. Amma rufewar ita ce abin da ya kamata ya kwantar miki da hankali: suna da na'urori a jikin dutsen dare da rana, da matakan gargaɗi daga 1 zuwa 5. In ya motsa ba za su bar ƙanenki ya matso ba ko ya yi kuka.

Maman Nana: Malam, ka ce za ka kwantar min da hankali sai ka ƙara min mutum 63.

Ɗan Adar: Yaya, hanyar Dosso zuwa Konni da dare ta hi dutsen ga haɗari, kuma kullum shina bin ta.

Laminu Saitama: Abu ɗaya dai na gaske: in kana da asma ko ciwon zuciya kar ka hau Owakudani, su da kansu sun rubuta haka a tashar. Hayaƙin farar wuta ne, warinsa kamar baragurbi. Da can sunan wurin Babbar Jahannama, sai a 1873 da sarkinsu zai kai ziyara aka sake masa suna. A can ne ake sayar da baƙin ƙwai. Suna dafa shi a ruwan zafin dutsen, farar wuta da ƙarfen da ke cikin ruwan su maida ɓawon baƙi ƙirin. Wai duk wanda ya ci ɗaya an ƙara masa shekara bakwai.

Ɗan Adar: Isuhu ka kawo mini kiret guda. Akwai masu bi na bashi da nika son in ga bayansu.

Ustaz Bukoki: Subhanallah. Ko da wasa a kiyaye harshe. Ajali idan ya zo ba a jinkirta shi ko da sa'a ɗaya, balle ƙwai ya ƙara shekara bakwai. Kuma ni ina da tambaya a kan tafiyar gaba ɗaya: na ji wuraren nan cike suke da ɗakunan bautarsu, dutsen kansa ma bauta masa suke yi.

Hajiya Rabi: Ustaz, ƙwan kaza ne fa, na ci biyu da gishiri, shi ne kaɗai abin da ya shiga cikina ranar. Ban ci don shekara ba, yunwa ce.

Malam Sani: Gaskiya ne dutsen na da tsarki a wurinsu, shi ya sa ma da UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013 a matsayin al'ada ta sa shi, ba a matsayin halitta ba. Kuma a zama ɗaya aka shigar da shi da tsohon garin Agadas. Baƙin da ke zuwa kallon hasumiyar masallacin Agadas ba salla suke zuwa yi ba, Ustaz, kuma ba mu kore su.

Ustaz Bukoki: Misalin bai yi daidai ba, Malam, amma na ji. Ƙwai halal ne, a ci a bar camfin. Kallon halittar Allah kuwa an ma umurce mu da shi. Abin da zan ce wa Isuhu: kar ka rusuna a ƙofar ɗakin bautarsu, kar ka jefa kuɗi, kar ka ja igiyar ƙararrawa don ka ga kowa na yi. Batun salla, tunda za ka zauna fiye da kwana huɗu a masaukinka, can cikawa za ka yi. Amma fitar Hakone ta kai tafiyar ƙasaru in ta haura kilomita 80, sai ka yi raka'a biyu-biyu, kuma kana iya haɗa azahar da la'asar.

Laminu Saitama: Ta haura, wajen 90 ce. Kuma ka sa manhajar alƙibla a wayarka, don a nan yamma muke kallo, da ɗan karkata arewa. Wani baƙona daga Maradi ya yi kwana uku yana ba Ka'aba baya, shi dai ya san gabas. In ka dawo da wuri ka sauka Yoyogi-Uehara, kan layin nan na Odakyu ne, akwai babban masallacin Turkawa, Tokyo Camii, ka yi isha'i cikin jam'i. Abinci kuma ka sayi dunƙulen shinkafa mai kifi a kanti tun daga Tokyo. Taliyarsu ta miya ka bar ta, yawanci romon alade ne.

Maman Nana: To ni zan sa a yi masa kilishi mai yawa ya tafi da shi.

Laminu Saitama: A'a yaya, ki rufa masa asiri! Haramun ne shiga da nama ko wane iri, busasshe ko ɗanye. Suna da karnuka a filin jirgi masu shinshina jaka, tarar kuma tana iya kaiwa yen miliyan 3 ko ɗauri. Ki ajiye masa ya ci in ya dawo.

Ɗan Adar: Ki aiko Tawa, mu nan ba mu da karnukan duwan.

Zali: Ni tambayata ruwan zafin da ake wanka. Kakata ta je Tafadek bayan Agadas don ciwon ƙafa, ta ce ta ji sauƙi. Irinsa ne?

Malam Sani: Asalinsu ɗaya, ruwa ne ya nutsa ƙasa ya tarar da dutse mai zafi ya dawo. Abzin ma tana da tsofaffin bakunan wuta da suka mutu, wanda ya bi ta wajen Timiya ya ga baƙaƙen duwatsun.

Laminu Saitama: Bambancin shi ne a nan tsirara ake shiga, maza gefe mata gefe, ko gajeren wando ba a yarda ba. Ni ban taɓa iyawa ba. Amma a tashar Sounzan akwai na tsoma ƙafa kawai, wannan ya ishe ka.

Isuhu: Jama'a, yau ce Asabar ɗin, na dawo masauki daga Hakone yanzun nan, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Yaya Laminu, Allah Ya saka. Na bi yadda ka ce. Ƙarfe 9 da ƴan mintuna bas ya sauke ni Moto-Hakone, sanyi kamar Janairu a bakin Isa da asuba. Na zagaya bayan wani gini sai ga shi. Ruwa shuɗi, wata jar ƙofa ta ɗakin bautarsu tsaye cikin ruwa ta dama, tsaunuka, sannan shi a bayansu, fari, shi kaɗai, kamar ba a ƙasa ya tsaya ba. Ya fi na kalandar Baba ƙanƙanta daga nan, amma na daɗe ban ɗaga waya ba. Kafin 11 gajimare ya naɗe shi, waɗanda suka iso bayana sai hoton girgije suka yi ta ɗauka. Hajiya, na tuna ki.

Na leƙa tsohon shingen bincike na 1619 da ke kan hanyar Edo zuwa Kyoto, inda ake tare matafiya a duba kar matan manyan sarakuna su fita daga birnin Edo a ɓoye. Ashe bariyar hanya ba mu muka fara ba. Layin hoto a jar ƙofar kuwa na gan shi na wuce.

Owakudani ya fi ƙarfin bayani. Teleferik na haurawa cikin itatuwa, sai kawai ƙasa ta ɓace ƙarƙashinka, ga kwari tsirara, rawaya da toka, hayaƙi na fita ta ko'ina kamar an yi gobarar daji an kashe jiya. Duk cikin akwatin aka yi tsit. Na sayi ƙwan, a ƴar jakar takarda da ƙullin gishiri, da zafinsa har yana ƙona yatsa. Ɓawon kamar gawayi, ka fasa ka tarar da fari sol, ɗanɗanonsa na ƙwan mai shayi ne ba wani abu ba. A bayan wurin ajiye motoci na shimfiɗa rigar sanyina na haɗa azahar da la'asar. Da na sallame sai na ga wata tsohuwa tsaye da jikanta, ashe hanyarsu na tare, ta riƙe yaron har na gama, ta sunkuyar da kai suka wuce.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba ya cikin tallar kowa. Malaminmu na ban-ruwa da ya ji za ni Hakone ya ce in nemi ƙofar ruwan Fukara. Daga Togendai na taka ta bakin tabki kamar minti 40, ba kowa sai ni da busassun ganye. Ƴar ƙofa ce, in ba a gaya maka ba ka wuce ta. Manoman da ke bayan tsaunin ba su da ruwan shinkafa, ga tabki a sama da su, dutse ya raba. A 1666 suka fara haƙa rami ta ɓangarorin biyu, da guduma da kurfi, suka haɗu a tsakiya a 1670, mita 1,280, kuskuren da ke tsakaninsu wajen mita ɗaya. Har yau ruwan na bi yana shayar da gonaki. Kuma saboda wannan aiki, tabkin na cikin jihar Kanagawa amma haƙƙin ruwansa na mutanen jihar Shizuoka ne. Na zauna a wurin ina tuna gardamar da muke yi duk shekara kan wa zai yashe kanal ɗin da ko kilomita bai kai ba.

Hajiya Rabi: Ka turo min hoton nan na safe in sa a waya. Wanda ya tambaya in ce nawa ne, ai na biya kuɗinsa tun tuni.

Ustaz Bukoki: Ma sha Allah. Ƙwai nawa ka ci?

Isuhu: Huɗu, Ustaz, da bismilla, ban ƙirga shekara ba.

Maman Nana: Alhamdu lillahi. Inna ta sani tun ranar Laraba, ni na gaya mata. Ka kira ta.

Malam Sani: Isuhu, in kana da bidiyon kwarin hayaƙin ka turo min kafin Litinin, ina da ƴan aji huɗu a kan wannan darasin, kullum da alli nake zana musu. Da na ramin ruwan ma in akwai.

Isuhu: Akwai duka, Malam. Na ramin ƙofar kawai ake gani, ba a shiga ciki. Bari in kira Inna tukuna tunda ku can yanzu ne azahar ta wuce, nan ƙarfe 10 na dare, in na gama sai in turo.